Malam Ubale Mai Galla: Mutumin da Ya Kai Tukunya Garin Doguwa a Kansa

Haihuwa da nasaba

A daminar shekarar 1905 ta Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1323 bayan Hijira, Allah Ya azurta Malam Balarabe ɗan Haruna da maiɗakinsa Furera da ɗa namiji a garin Ƙofa ta ƙasar Bebeji. Ranar suna aka raɗa wa jaririn sunan kakansa Haruna, saboda haka mutanen gida suka sakaya sunan suka riƙa kiransa Ubale, kuma da wannan laƙabi jama'a suka san shi har ƙarshen rayuwarsa.

Gidansu gidan manoma ne kamar sauran gidajen Ƙofa, ana noman dawa da gero da ɗan auduga, sai dai akwai sana'a guda da ta bambanta su da kowa a ƙasar, wato kiwon galla. Galla, domin amfanin wanda bai santa ba, wani jinsin ƙudan zuma ne ƙanƙane, baƙi, wanda bai kai ƙudan gida girma ba, kuma ba shi da harbi ko kaɗan. Iyakar faɗansa shi ne ya shige wa mutum gashi ko kunne ya dame shi. Galla ba ta yin saƙa irin ta babban zuma. Takan gina 'yan ƙananan tuluna na kaki, wasu ta cika su da zuma mai ruwa-ruwa, wasu kuma ta danƙara musu garin fure ta rufe, garin ya yi ta kwana har ya yi tsami mai hawa ka. Wannan gari shi mutanen gidan suke kira tsami kawai, kuma da shi galla take ciyar da 'ya'yanta.

Sauran jama'a idan sun tarar da galla a kogon itace sukan sa gatari su fasa, su lashe abin da ya samu, su kama gabansu. Kakan Ubale ne, tun kafin zuwan Turawa, ya tsinci gidan galla a jikin wata ɗorawa da iska ta kayar, ya ji tausayinta, ya kwashe ta ya sa a tukunya, ya kifa wata tukunyar a kai, ya liƙe bakin da laka, ya huda 'yar ƙofa, ya ajiye a inuwar rumbu. Daga wannan tukunya guda duk gallar gidan ta samo asali, kuma masu tari da masu ciwon ido sukan zo neman zumarta tun daga Kiru da Rano.

Ƙuruciya da neman ilimi

Yana ɗan shekara shida aka sa shi makarantar allo a wurin limamin unguwarsu, ya sauke yana da shekara goma sha shida, sannan ya ɗan taɓa littattafan farko na fiƙihu gwargwadon abin da zai gyara ibadarsa. Malamansa sun shaide shi da kaifin fahimta, tare da wata ɗabi'a da ta bi shi har girma: duk abin da ya gani a rubuce, to, ya zauna ke nan, ko mutum goma ba sa ɗaga shi.

Ilimin galla kuwa a gindin rumbu ya same shi, a wurin mahaifinsa. A nan ya koyi cewa ana ɗibar zuma ne da bazara, bayan ɗorawa da kaɗanya sun gama fure, kuma a lokacin ne ake raba tukunyar da ta cika ta zama biyu. Ƙa'idar rabon guda ce, kuma Malam Balarabe ba ya wasa da ita: kafin a sa galla a sabuwar tukunya, sai an lakato tsami da yatsa uku daga tsohuwar an shafe cikin sabuwar da shi, a haɗa da ɗan guntun tsohon kaki. Ba a wanke tukunyar galla, ba a kuma cin tsaminta. Ko a yunwar 1914, lokacin da gidan ya koma kunun kanwa sau ɗaya a yini, an buɗe tukwane an ɗebi zuma, amma tsamin bai taɓu ba. Ubale, yana ɗan shekara tara, ya taɓa lakata ya kai baki, ya kuwa sha dukan da bai manta ba. Da ya girma ya tambayi dalilin wannan ƙa'ida, amsar da ya samu a wurin mahaifin nasa ita ce, “Haka na tarar, haka kuma za ka yi.” Amsar ba ta gamsar da shi ba, amma ya bi.

Aure da iyali

A shekarar 1929 ya bi ayarin fatake zuwa Doguwa ta ƙasar Tudun Wada domin sayar da zuma, a can ya ga Saude, 'yar wani makiyayi, tana tallan nono a kasuwa. Wanta Dikko ne ya yi mata walicci, aka ɗaura aure a 1930, ta tare a Ƙofa da saniya biyu da ƙore shida. Mace ce mai ƙarancin magana, ba ta yi karatun allo mai nisa ba, amma kindirmonta ya yi suna a kasuwar Bebeji.

Allah Ya ba su 'ya'ya bakwai, biyu suka koma tun suna jarirai. Waɗanda suka rayu su ne Wada, wanda aka haifa a 1932, da Ɗantani a 1935, da Kande a 1938, da Tasalla ranar Babbar Sallar 1942, sai autarsu Maimuna a 1946.

Malam Balarabe ya rasu a 1936, ya bar wa ɗansa tukwanen galla ashirin da uku da wasiyya ta jimla ɗaya, cewa kada gallar nan ta mutu a hannunsa. Ubale ya riƙe amanar da kyau, domin zuwa 1951 tukwanen sun kai arba'in da ɗaya, sun zagaye rumbuna uku, kuma tuni jama'a suka ƙara masa Mai Galla a bayan sunansa.

Karatun boko da wankin tukwane, 1952 zuwa 1954

A shekarar 1952 aka buɗe ajin Yaƙi da Jahilci a zauren mai unguwar Ƙofa. Malam Ubale, yana da shekara arba'in da bakwai, ya zauna a tabarma ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa, bai ji kunyar kowa ba, kuma a farkon 1953 ya karɓi takardar shaida, shi ne na ɗaya a ajin. Daga nan babu rubutun da ya tsira daga gare shi, har na jikin buhun gishiri da gwangwanin kananzir sai ya tsaya ya haɗa baƙaƙensa.

Cikin abubuwan da suka faɗo hannunsa akwai wata ƙasida ta kiwon lafiya mai shafi goma sha biyu. Ƙasidar ta bayyana cewa yawancin cututtuka wasu ƙwayoyi ne masu rai suke kawo su, waɗanda ido ba ya gani, suna zama a ruwan tafki da ƙazamar tukunya da abincin da ya kwana ya yi tsami, kuma tafasasshen ruwa yana kashe su. Wajibi ne a faɗa a nan cewa gaskiya ƙasidar ta faɗa, ta kuma amfani gidan, domin tun da aka fara tafasa ruwan sha, kurkunu da gudawa suka yi sauƙi a cikinsa. Amma wanda ya rubuta ta da mutane yake magana, mai yiwuwa ma bai taɓa jin akwai wata halitta mai suna galla ba.

Malam Ubale ya karanta ta sau bakwai, ya je gindin rumbu, ya buɗe tukunya, warin tsami ya bugi hancinsa, sai ya ga kamar yau Allah Ya buɗe masa ido. Ga tukwanen da ba a taɓa wankewa ba tun zamanin kakansa, ga abincin da ya shekara yana tsami, ga shi kuma duk shekara yana shafa wannan abu da yatsunsa daga tukunya zuwa tukunya. Tausayin gallar ne ya kama shi, ba wani abu ba.

Da bazarar 1953 ta zo, ya sayo sababbin tukwane, ya sa aka dafa su a tafasasshen ruwa, ya riƙa kwashe galla da 'ya'yanta yana mayarwa cikinsu, ya kankare tsamin kaf ya tara a kwando, ya haƙa rami a bayan gida ya binne. A madadinsa ya sa musu ruwan sukari dafaffe a cikin 'yan kasake. Saude ta tsaya a kansa yana cikin binnewa ta ce, “Malam, wannan fa abincin 'ya'yansu ne kake rufewa.” Ya ce mata, “Ruɓaɓɓen abinci ne, Saude. A rubuce yake.” Ta koma wajen ƙorenta.

Damina ba ta yi nisa ba abin ya fara bayyana. 'Ya'yan galla suka riƙa mutuwa a cikin ɗakunansu kafin su ƙyanƙyashe, farar fumfuna ta bi sabon garin furen da suka tara maimakon ya yi tsami, wasu ƙananan ƙudaje kuma suka samu hanyar shiga suka zuba tsutsa. Zuwa kaka, tukwane goma sha tara sun zama kufai.

A nan ne Malam Ubale ya yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni. Da ya zauna ya auna al'amarin, sai ya yanke hukuncin cewa wankin ne bai isa ba. Saboda haka a bazarar 1954 ya sake kwashe ashirin da biyun da suka rage, wannan karon har da sabulu da toka, ya kuma kankare ɗan tsamin da gallar ta yi wahalar sake haɗawa. Ƙarshen wannan shekara tukwane biyar ne suke motsi, kafin watan Maris na 1955 kuwa saura ɗaya tak, ita ma sai mutum ya daɗe a tsugune kafin ya ga galla guda ta fito. Baƙin ciki ya kama shi sosai, ya rame, ya daina cin kasuwar Bebeji domin kada a tambaye shi zuma, kuma wasiyyar mahaifinsa ta hana shi sakat.

Al'amarin ƙwarya biyu

A cikin wannan wata na Maris, Saude ta tafi Yako ta ƙasar Kiru sunan ɗan da 'yarsu Kande ta haifa, ta yi kwana uku. Malam Ubale, da yake ya rasa tukwanen da zai wanke, sai ya waiwayi ƙoren matarsa. Ya ƙona su da tafasasshen ruwa, ya dirje su da toka, ya kuma zubar da ɗan ragowar nonon da ta adana a wata 'yar ƙwarya mai murfi a lungun ɗaki, yana ganin ya yi mata gwaninta.

Da ta dawo ta yi tatsa, ta dafa madara ta rufe kamar kullum, gari ya waye madarar ba ta kama ba, ta tsinke tana wari. Saude ba ta yi faɗa ba. Ta taka da kanta zuwa wata ruga a bayan gari ta roƙo ludayi guda na nonon jiya, ta raba tatsar ranar ƙwarya biyu, ta zuba ludayin a ɗaya, ta bar ɗayar haka. Washegari da hantsi ta ajiye su duka a gaban maigidan.

Ta ce, “Malam, saniya ɗaya, tatsa ɗaya, wuta ɗaya. Wannan na zuba mata nonon jiya, wannan kuwa wankinka ce tsaf. Bismilla.”

Ya ɗanɗana ta farko, kindirmo ne mai kauri. Ta biyu ko bakinsa bai iya kaiwa ba.

Ta ce, “Ni ban yi karatu ba, ban san abin da ke cikin ludayin nan ba. Amma na san yana da rai, don in rana ta buge shi mutuwa yake yi. In kuma babu shi a ƙwarya, mugun abu ne yake riga shi shiga. Kai na galla ka binne, ka bar musu gida fayau.”

An ruwaito cewa ya dubi ƙoren biyu, ya yi salati ya ce, “Da hannuna, Saude. Shekara biyu, da hannuna.”

Tafiya Doguwa, 1955

Gano ciwon bai kawo maganin ba, domin a duk ƙasar Bebeji babu mai kiwon galla sai shi, kogunan itatuwan kusa kuwa masu gatari sun daɗe da gamawa da su. Saude ta ce wanta Dikko ya san inda galla take a dajin Doguwa. Malam Ubale ya yi niyyar zuwa ya ɗebo tsamin a gora, ta ce masa tafiyar kwana huɗu a zafin bazara ba za ta bar tsamin da rai ba, sai dai tukunyar ce za ta je inda tsamin yake. Ɗora ta a jaki kuma ba zai yiwu ba, saboda ƙwan galla a kan abinci mai ruwa yake zaune, da tukunya ta karkata zai nutse. Hanya ɗaya ta rage, wato a ɗauke ta a ka.

Ranar Litinin, 4 ga Afrilu 1955, cikin watan Sha'aban, bayan sallar asuba, Malam Ubale ya toshe ƙofar tukunyar da siririn ƙyalle, ya naɗa gammo, ya ɗora ta a kansa, yana dab da cika shekara hamsin a duniya. Babban ɗansa Wada ya biyo shi da jaki ɗauke da guzuri, ya yi ta roƙon a bar shi ya ɗauka, uban ya ƙi, ya ce wanda ya yi ɓarnar shi zai kai ta. Sukan yi tafiya da sanyin safiya, su fake a inuwa idan rana ta take, su ci gaba bayan la'asar, shi ya sa tafiyar kwana huɗu ta ɗauke su kwana shida.

Abin da ya fi damunsa a hanya ba nauyin ba ne, gaisuwa ce. Mutum ne da bai taɓa wuce dattijo a tsaye ba, ga shi yanzu ba ya iya rusunawa, ba ya iya ko gyaɗa kai, sai ya tsaya ƙiƙam ya yi sallama, Wada ya durƙusa a madadinsa ya ba da haƙuri ya yi bayani. Bayanin ma ba ya rage komai, domin duk wanda ya ji cewa ƙudaje ake kaiwa Doguwa neman magani sai ya ƙara kallon malamin da kyau. Sun ratsa Tudun Wada ranar kasuwa, wani mahauci mai suna Ɗanmaraya ya ɗaga murya ya ce, “Malam, amaryar tana baya ne, ka yi gaba da kayan ɗaki?” Kasuwa ta kwashe da dariya, Malam Ubale bai iya ko waiwayawa ba, ya wuce yana kallon gabansa.

A rana ta biyar, suna tsallake wani rafi a cikin daji, dutse ya zame masa. Da ya saki tukunyar da ya dafa ƙasa ya tsira lafiya, amma sai ya riƙe ta da hannu biyu ya sauka a kan gwiwarsa ta dama. Tukunyar ba ta karkata ba. Gwiwar ce ba ta sake komawa daidai ba, da ɗingishi ya ƙarasa Doguwa, da shi kuma ya ƙarasa rayuwarsa.

Dikko ya karɓe su a rugarsa, washegari ya kai su gindin wata tsohuwar kirya a ƙarƙashin dutse, inda galla take shige da fice a wani kogo. Ya zo da gatari, Malam Ubale ya roƙe shi ya ajiye. Da gizago suka yanka 'yar taga a jikin itacen, Malam Ubale ya sa yatsa uku ya lakato tsami, ya ɓallo guntun kaki, sannan ya mayar da itacen ya liƙe da laka. Dikko ya ce, “Shekara hamsin ina cin galla a dajin nan, yau na fara ganin wanda ya zo roƙonta.” Da aka buɗe tukunyar Ƙofa, gallar da ta rage ba ta cika tafin hannu ba, amma uwarsu mai yin ƙwai tana nan tana jan ciki a kan kaki. Ya shafa tsamin a gefen ɗakunan 'ya'yan, ya rufe, ya ajiye tukunyar a inuwar bukka.

Kwana goma babu wani canji, kuma a cikin kwanakin nan bai ci abincin kirki ba. Domin ya rage wa kansa zullumi yakan ɗingisa zuwa gindin kiryar ya zauna, a nan ne ya lura da wani abu da bai taɓa gani ba a shekarunsa na kiwo. Wani ɓangare na gallar dajin yana kafa sabon gida a wata bishiya kusa, kuma kullum ma'aikatan suna jigilar kaki da abinci daga tsohon kogon zuwa sabon, ba su tare ba sai da suka kai abin gidansu. Sai ya gane cewa ƙa'idar da mahaifinsa ya kasa yi masa bayaninta, a wurin gallar kanta kakansa ya gani ya kwaikwaya.

A rana ta goma sha biyu gallar tukunyar ta fara fitar da gawarwakin 'ya'yanta tana zubarwa, alamar ta samu ƙarfin share gida. A mako na uku, azumi ya riga ya kama, ta gina ɗan bututun kaki a ƙofa, masu gadi suka jeru a bakinsa. Malam Ubale ya kai hancinsa, ya ji warin tsamin nan da ya taso da shi tun yana yaro. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka a gaban surukinsa da ɗansa, bai ɓoye ba. Ya ƙarasa azumi a rugar, bayan Ƙaramar Salla suka kamo hanya, wannan karon ya yarda Wada ya ɗauki tukunyar.

Shekarun ƙarshe

A bazarar 1956 ya raba tukunyar ta zama biyu bisa tsohuwar ƙa'ida, a 1957 suka zama huɗu, a 1958 takwas. Amma bai koma tara su a gindin rumbunsa ba, domin ya ce abin da ya kusa hallaka gallar ba wanki kaɗai ba ne, har da kasancewarta a hannun mutum ɗaya, wanda idan ya ɓata babu mai gyara masa. Saboda haka ya fara bayar da tukwane kyauta: ɗaya ga mijin Kande a Yako, ɗaya ga wani manomi a Kiru, ɗaya ga Dikko, ɗaya kuma ga Ɗanmaraya mahauci, wanda ya zo har Ƙofa neman zumar tarin 'yarsa, ya gane malamin, kunya ta kusa kashe shi. Sharaɗin kyautar guda ne: duk wanda tukunyarsa ta yi ciwo, na kusa da shi zai kai masa tsami ba tare da an biya komai ba. Ya kuma koya wa duk mai so yadda ake kwashe galla daga itacen da ya faɗi ba tare da an kashe ta ba.

Da ranin 1958 ayarin ma'aikatan ciwon barci, masu zagaya ƙauyuka suna duba jinin mutane, suka sauka a Ƙofa. Malam Ubale ya je wurin ɗayansu, Malam Zailani, da tsami a kan tsinke da ɗigon kindirmon Saude a ludayi, ya roƙi arzikin a duba masa su a madubin likita. Malam Zailani ya yi dariya, amma ya shafa kowanne a gilashi, ya ɗiga masa shuɗin ruwa, ya gyara madubin ya ce ya leƙa. A duka biyun ya ga wasu 'yan sanduna birjik, kamar guntayen tsintsiya. Malam Zailani ya gaya masa cewa waɗannan ma ƙwayoyi ne masu rai, dangin waɗanda ƙasidarsa ta ambata, sai dai a cikin dangin akwai masu cuta akwai masu amfani, kuma mai yiwuwa irin waɗannan su ne suke tsamar da abinci su hana miyagun zama. Malam Ubale ya ce, “Ashe jama'a ce guda. Ni kuwa na kore su duka saboda laifin wasu.” Ya nemi a kira Saude ita ma ta leƙa, ta leƙa, ta ce ta ga dai ba su da kyan gani.

Bai yar da ƙasidar ba, bai kuma daina tafasa ruwan sha ba har ya bar duniya. Abin da ya ƙara kawai shi ne, a gefen shafi na bakwai ya rubuta da fensir, da manyan baƙaƙe, cewa ban da tukunyar galla da ƙwaryar nono.

Jinya da rasuwa

Daminar 1959 ta zo da ruwa mai yawa, a watan Agusta ciwon ƙirji ya kwantar da shi. 'Ya'yansa maza suna fama da gona, matan gida suna fama da jinya, ba a lura jinkar rumbu ta yi yoyo ba sai da ruwa ya jiƙa tukwane huɗun da ya bar wa kansa, fumfuna ta shige su duka. Da aka gaya masa ya yi yunƙurin tashi ya kasa, ya juya fuskarsa bango, hankalinsa ya tashi ƙwarai, ya ce ga shi zai je ya tarar da mahaifinsa ba da labari mai daɗi ba.

Labari ya kai Yako da Kiru cewa Malam yana kwance, gallarsa ma tana kwance. A cikin mako guda masu zuwa dubiya suka fara isowa, kowanne da 'yar gora a naɗe cikin ɗanyen ganye, har da mutanen da bai taɓa ba tukunya ba, waɗanda suka samu tasu a hannun waɗanda ya ba. Yanzu tafiyar ta yini ɗaya ce, tsamin ya iso da ransa. Saude ce ta buɗe tukwanen ta shafa da yatsunta. Tun daga ranar, kowace safiya tambayarsa ta farko bayan salla ita ce, “Sun fito?” Makonni uku tana ce masa da saura, rannan ta ce, “Sun fito, Malam, har sun sa masu gadi.” Ya ce alhamdu lillahi, ya nemi a dama masa fura.

Allah Ya karɓi ransa da hantsin ranar Alhamis, 12 ga Nuwamba 1959, cikin watan Jimada Awwal na 1379, yana da shekara hamsin da huɗu. Ya bar maiɗakinsa Saude da 'ya'ya biyar: Wada da Ɗantani, manoma a Ƙofa, Kande, tana aure a Yako, Tasalla, tana aure a Bebeji, da Maimuna, tana gaban mahaifiyarta, da jikoki shida. Allah Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa ya tarar da iyayensa cikin rahama.

Limamin Ƙofa ne ya sallace shi bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar gabas da gari. Hanyar fita daga ɗakinsa ta gaban rumbu ta bi, kuma a wannan lokaci na yini galla ta fi kai-kawo. Waɗanda suka ɗauki makarar sun shaida cewa sai da suka sunkuyar da kai suka rage sauri kafin su wuce, saboda yawan gallar da ke shige da fice a tukwanen nan huɗu.